Tarihin Tomas Jefasan da Maƙwabtansa na Kushewa a Gundumar Albamal

Ka sani, ya kai mai karatu, mutumin da zan ba ka labarinsa a waɗannan ganyayyaki ba mutumin ƙasashenmu ba ne, ba kuma Musulmi ba ne. Ba'amurke ne, sunansa Tomas Jefasan, shi ne shugaban ƙasar Amurka na uku. An haife shi a shekara ta 1743, ya mutu a 1826, wato ya girmi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da shekara 11, ya kuma ƙara shekara 9 a duniya bayan wafatinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne na taɓa tsayawa bakin kabarinsa, sa'ad da na kai ziyara wurin wani ɗan ƙanena da ke karatu a jihar Bajiniya. Na karanta abin da aka rubuta a jikin dutsen kabarin, sa'an nan na bi sauran kaburburan da ke kewaye da shi ɗaya ɗaya ina tambayar ko su wane ne. Sai na tarar labarin da maƙwabtansa na kushewa ke bayarwa ya fi wanda ke jikin dutsen cika. Saboda haka ta wurinsu zan bi da kai.

Fasali a kan wurin

Gundumar Albamal ƙasar tuddai ce da gonaki, tana gindin wani dogon jerin duwatsu a tsakiyar Bajiniya, garin Shalatsbil kuwa yana tsakiyarta. A zamanin da muke magana a kai, masu arzikin Bajiniya ba sa zama cikin birni. Kowa yana gandunsa na taba da bayinsa, tsakanin gida da gida tafiya ce mai nisa, ɗakin ibadarsu kuma ya fi nisa. Don haka sai al'adarsu ta zama kowane babban gida yana keɓe wani gefe na gandu domin bizne mamatansa. Wanda duk ke neman kaburburan masu mulkin wannan yanki ba zai same su a maƙabarta guda ba, sai ya bi gona gona. Wiliyam Ribs, wanda ya yi ɗan majalisar dattawa ya kuma yi jakadanci a Faransa sau biyu, yana kwance a gandun Kasil Hil tun 1868. Andiru Sitibinsan, wanda ya shugabanci majalisar wakilai daga 1827 zuwa 1834, yana gandun surukansa da ake kira Eniskoti tun 1857. Amma maƙabartar da ta fi tara su ita ce ta kan tudun Monticelo, gidan Jefasan, inda gwamnonin Bajiniya uku ke kwance cikin shinge ɗaya.

Fasali a kan ƙuruciyarsa da kabari na farko

An haifi Jefasan a gandun Shadwel, a ƙasan wannan tudu, hayin kogin Ribana. Ubansa Bitrus mai awon ƙasa ne, ya mutu a 1757 yaron yana da shekara 14, ya bar masa filaye kimanin eka 5,000 da bayi. Ya tafi Wiliyamsbag, babban birnin Bajiniya na lokacin, ya yi karatu a kwaleji daga 1760, sa'an nan ya zauna gaban wani masanin shari'a mai suna Joj Wit har ya zama lauya a 1767. Mutum ne mai tsananin son littafi, ba ya ƙoshi da karatu, kuma bai bar wannan hali ba har ya tsufa.

Fa'ida: yana cikin karatun shari'a ne, a 1765, ya sayi tarjamar Alƙur'ani mai girma ta Ingilishi wadda Joj Sel ya yi, juzu'i biyu. Bai musulunta ba, kada wani ya ruɗe ka da wannan. Ya saye ta ne kamar yadda yake sayen littattafan dokokin al'ummai. Tarjamar tana nan har yau a ɗakin karatu na majalisar Amurka a Washintan, kuma a kanta ne Kit Elisan, Musulmi na farko da aka zaɓa majalisar wakilansu, ya ɗora hannu a bikin rantsuwarsa a 2007.

Yana da aboki tun na makaranta, sa'arsa, sunansa Dabni Kar, wanda daga baya ya auri ƙanwarsa. Zuriyarsu sun ruwaito cewa su biyun sukan hau wannan tudu tun yana daji, su zauna ƙarƙashin wani babban itace suna karatu, har suka yi wa juna alkawari wanda duk ya riga mutuwa ɗaya zai bizne shi a gindin itacen. Alkawari ne irin na samari, waɗanda ke ganin mutuwa can nesa. Dukansu biyu suka shiga majalisar Bajiniya, kuma a watan Maris na 1773 Kar ne ya miƙe ya gabatar da shawarar kafa kwamitin da zai riƙa musayar wasiƙu da sauran yankunan da Ingila ke mulka, abin da ya zama ɗaya daga cikin matakan farko na haɗa kai a kan sarkin Ingila. Bayan wata biyu zazzaɓi ya kama shi, ya mutu ran 16 ga Mayu bai cika shekara 30 ba, ya bar mata da ƴaƴa shida. Jefasan ba ya gida, aka bizne shi a Shadwel. Da ya komo sai ya sa aka sare daji aka share fili mai ƙafa 80 kowane gefe, aka tone gawar aka kai ta gindin itacen. Da ɗan siyasa aka buɗe wannan maƙabarta ke nan. Ƴaƴan mamacin kuwa ya ɗauke su ya riƙe tare da nasa. A nan ban ga abin zargi ga mutumin ba ko kaɗan, ya cika alkawarin da babu mai iya tilasta masa cika shi.

Fasali a kan uwarsa da matarsa

Kabarin uwarsa Jen yana nan kusa. Ta mutu a ƙarshen Maris na 1776. Wata uku bayan haka ɗanta yana Filadalfiya, yana da shekara 33, wakilan yankuna 13 suka ɗora masa rubuta takardar shelar rabuwa da Ingila, wadda aka amince da ita ran 4 ga Yuli. A cikinta ne ya kafa hujja da cewa an halicci mutane daidai da juna, kuma Mahalicci ya ba kowa haƙƙin rai da ƴanci wanda ba a ƙwacewa. A rubutunsa na farko akwai wani sashe da ya zargi sarkin Ingila da cinikin bayi, wakilai suka soke shi. Ka riƙe wannan a zuciyarka, domin za mu komo kansa.

Matarsa Marta ya aure ta ran 1 ga Janairu 1772, ya kai ta tudun tun ginin bai wuce ɗaki guda ba. Shekara ta zagayo ubanta ya mutu, gadon da ya faɗo musu eka 11,000 ne da bayi 135, da kuma bashi mai nauyi na ƴan kasuwar Ingila. Wannan shi ne tushen bashin da ya bi shi har kabari. Cikin shekara goma ta haifa masa ƴaƴa shida, biyu kaɗai suka girma, haihuwa kuwa tana ta cin ƙarfinta. A tsakanin nan ya yi gwamnan Bajiniya daga 1779 zuwa 1781, ana tsakiyar yaƙi, bai kuma ji daɗin sarautar ba. A watan Yuni na 1781 mahayan Ingila suka nufo Monticelo don su kama shi, wani mutum ya kwana yana sukuwa cikin daji ya riga su isowa, ya sallami iyalinsa, shi ma ya hau doki ya sulale ta cikin itatuwa. Abokan hamayya suka daɗe suna yi masa gori da wannan gudu. Marta ta mutu ran 6 ga Satumba 1782. Ya kulle kansa a ɗaki mako uku, da ya fito kuma sai yawo bisa doki cikin daji ba gaira ba dalili, babbar ƴarsa tana biye da shi. Bai sake aure ba.

Fasali a kan mulkinsa

Ba zan daɗe a nan ba, domin shi kansa bai ga wannan sashe na rayuwarsa ya isa a rubuta a dutse ba. Ya tafi Faransa a 1784 ya yi jakadanci har 1789. Ya yi sakataren harkokin waje a ƙarƙashin Joj Washintan, ya yi mataimakin shugaba, sa'an nan ya yi shugaban ƙasa daga 1801 zuwa 1809. A 1803 ya sayi ƙasar Luwiziyana daga hannun Nafoliyon a kan dala miliyan 15 (dalar Amurka nake nufi duk inda na ambaci dala, ba dalarmu ta kasuwa ba), faɗin ƙasarsu ya kusa ninkawa. Ya yi yaƙin teku da Tarabulus daga 1801 zuwa 1805. A watan Disamba na 1805, wanda ya dace da Ramadan, ya gayyaci jakadan Tunis Sulaimanu Malimali cin abinci, ya ɗaga lokacin daga la'asar zuwa faɗuwar rana saboda baƙon yana azumi. A 1807 ya sa hannu a dokar da ta hana shigo da bayi daga Afirka tun daga farkon 1808, amma ba ta taɓa waɗanda ke cikin ƙasa ba, ba ta kuma hana sayar da su daga jiha zuwa jiha ba.

Abin da ya fi alfahari da shi wata doka ce ta jiharsa wadda ya rubuta a 1777, aka zartar da ita a 1786 da ƙoƙarin abokinsa Jemis Madisan. Ta hana hukuma tilasta wa mutum biyan kuɗin wani ɗakin ibada, ta hana a tauye masa haƙƙi saboda aƙidarsa. Da ya tsufa ya rubuta cewa inuwar dokar an nufa ta rufe Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahinde duka. Bayan ya sauka daga mulki ya komo tudunsa, ya ba da sauran ƙarfinsa ga kafa Jami'ar Bajiniya a Shalatsbil. Shi ya zana gine-ginenta, shi ya tsara darussanta, ta buɗe a 1825.

Fasali a kan gwamnan da ya karya shi

Yanzu ga kabarin da ya fi tsayar da ni. Ba nisa da na Jefasan akwai na Wilsan Nikolas, wanda ya yi ɗan majalisar dattawa, ya yi gwamnan Bajiniya daga 1814 zuwa 1816. Tsohon abokin siyasarsa ne, kuma suruki, domin ƴar Nikolas tana auren jikan Jefasan.

Kafin nan sai ka san halin aljihun Jefasan. Mutum ne mai rubuta kowane ƙwandala da ya kashe a littafi, amma bai taɓa tsayawa ya haɗa jimla ya ji tsoro ba. Ya gina gidansa ya rushe ya sake ginawa, aikin ya ci kimanin shekara 40. Yana sayo littattafai da giya da kayan ɗaki daga Turai. Baƙi ba sa yankewa, wani lokaci su kwana da dawakinsu makonni. Ƙasar tudu kuwa taba ta cinye ta, alkama ba ta biya. A 1815, bayan sojan Ingila sun ƙone majalisa a Washintan, ya sayar wa gwamnati littattafansa 6,487 a kan dala 23,950, aka kwashe su a kekunan doki goma, kuɗin suka tafi bakin masu bin bashi, shi kuwa ya soma sayen waɗansu littattafan.

Yana cikin wannan hali ne, a 1818, Nikolas ya roƙe shi ya tsaya masa a banki a kan rancen dala 20,000. Nikolas ya taɓa taimakonsa a irin wannan, ana kuma ganinsa cikin manyan attajiran jihar, ga surukuta. Kunya ta hana shi ƙi, ya sa hannu. A 1819 kasuwa ta faɗi a Amurka duka, bankuna suka kira bashinsu, farashin gona ya zube, Nikolas ya karye. Bashin ya komo kan wanda ya tsaya masa, kuɗin ruwansa kaɗai dala 1,200 ne kowace shekara, a kan tsoho mai shekara 76. Duk wanda ya taɓa tsaya wa ɗan'uwa a wurin mai ba da rance ya san irin daren da ake kwana bayan irin wannan labari. Iyalinsa sun ruwaito cewa bai taɓa faɗa wa Nikolas baƙar magana ba, ya kuma kiyaye kada matar jikansa ta ga canji a fuskarsa. Nikolas ya ƙare kwanakinsa a gidan surukinsa yana ɓoyon masu bin bashi, ya mutu a watan Oktoba na 1820, Jefasan ya ba shi wuri a maƙabartar gidansa. Na daɗe ina duban tazarar da ke tsakanin kaburburan biyu, ba ta fi ƴan taku ba.

Gwamna na uku shi ne mijin babbar ƴarsa, Tomas Man Randolf, wanda ya mulki jihar daga 1819 zuwa 1822. Mai ilmin tsirrai ne, gwanin hawan doki, amma mai zafin rai. Bashi ya ci gandunsa, ya yi faɗa da ɗansa na fari a kan sayar da shi, ya ƙaurace wa iyalinsa. Daga baya ya komo ya zauna shi kaɗai a wani ɗan ɗaki a gefen gidan, ya shirya da su yana kan gadon mutuwa a 1828. Matarsa tana kwance kusa da ubanta. Cikin ƴaƴansu akwai biyu da siyasa ta raba hanyarsu, maƙabarta ta haɗa su: babban, wanda ya ɗauki bashin kakansa a wuyansa, ya gabatar wa majalisar jiha shawarar ƴanta bayi sannu a hankali a 1832 aka ƙi, autan kuwa, Joj Wit Randolf, ya zama sakataren yaƙi na jihohin kudu da suka ɓalle don riƙe bauta a 1862, tarin fuka ya kashe shi a 1867.

Fasali a kan mutuwarsa da dutsen kabarinsa

A farkon 1826 ya nemi majalisar jiha ta yarda a sayar da dukiyarsa ta hanyar caca ta tikiti, ko gidan zai tsira ga ƴarsa. Suka yarda da ƙyar, amma abin bai yi ba. Ciwo ya kwantar da shi a watan Yuni. Yana ta tambayar ko ranar huɗu ga wata ta yi, har ya kai ta, ya mutu bayan tsakar rana ran 4 ga Yuli 1826, shekara 50 cif da shelar da ya rubuta. A wannan yini kuma Jon Adams, shugaba na biyu, abokinsa kuma tsohon abokin hamayyarsa, ya mutu a can arewa. Kashegari da yamma aka bizne shi kusa da matarsa, ana yayyafi, ba taro mai yawa, kamar yadda ya nema.

Aka sami takarda da ya zana siffar dutsen da yake so, dogo mai tsini, ya ce a yi shi da dutse marar daraja don kada wani ya yi kwaɗayin farfasa shi ya sayar. Ya ƙayyade abu uku da za a rubuta, ya hana a ƙara ko kalma: cewa shi ya rubuta shelar ƴancin Amurka, shi ya rubuta dokar ƴancin addini ta Bajiniya, shi ne uban Jami'ar Bajiniya. Babu shugabancin ƙasa a ciki, babu gwamna, babu jakada. Ranar haihuwarsa ma an sa ta bisa tsohon lissafin kwanaki, 2 ga Afrilu, wadda ta zama 13 ga wata a lissafin yanzu. Dabararsa ta dutse marar daraja ba ta yi aiki ba. An kafa shi a 1833, masu ziyara suka riƙa ɓantarar gutsure suna tafiya da shi gida, har ya lalace. Majalisar ƙasa ta ba da kuɗi aka kafa sabo a 1883, tsohon kuwa zuriyarsa suka ba Jami'ar Mizuri. Yau ba a ɓantara, sai dai na ga mutane suna jefa tsabar kuɗi ta tsakanin sandunan shinge, mafi yawa ƴar senti biyar ɗin nan mai hoton kansa a gaba da hoton gidansa a baya.

Mutane da yawa suna yabon wannan rubutu, suna cewa tawali'u ne mutum ya bar ambaton sarauta. Ni ban musa ba, amma ina ganin wayo ya fi tawali'u yawa a ciki. Ya san sarauta ana ba mutum ita ne, wasu ma sun yi ta kafinsa, wasu za su yi bayansa, sai ya zaɓi abin da ya fito daga hannunsa shi kaɗai. Kuma wanda ya zaɓi abin da za a tuna shi da shi, ya zaɓi abin da za a manta.

Fasali a kan waɗanda ke bayan shinge

Wanda ya haƙa kabarin Jefasan bawansa ne mai kula da lambu, Wamli Hiyuz. A tsawon rayuwarsa Jefasan ya mallaki mutane sama da 600. Su suka fasa kan tudun suka daidaita shi, su suka yi tubali, su suka noma taba da alkama, yara maza masu shekara 10 zuwa 16 suna maƙerarsa suna buga ƙusa tun safe har dare, shi kuwa yana auna ƙarfen da kowane yaro ya ɓarnatar. Ya san abin zalunci ne, ya rubuta haka da hannunsa, har ya ce tsoro yakan kama shi saboda ƙasarsa in ya tuna Allah mai adalci ne. A littafin nan kuma ya rubuta zatonsa cewa baƙar fata bai kai fari hankali ba. Mutum biyu kaɗai ya ƴanta da takarda yana da rai, biyar kuma a wasiyyarsa.

Kada a ce zamaninsa ne ya ɗaure shi har babu mafita. Maƙwabcinsa ne, saurayi ɗan gidan Eniskoti mai suna Edwad Kols, ya rubuta masa wasiƙa a 1814 yana roƙonsa ya ja gaba a yaƙi bauta. Jefasan ya amsa cewa ya tsufa, aikin na samari ne, ya kuma shawarce shi ya zauna a Bajiniya ya riƙe bayinsa da kyautatawa. Kols bai bi shawarar ba. A 1819 ya kwashi bayin da ya gada, suna cikin jirgin ruwa a kogin Ohayo ya sanar da su sun zama ƴaƴa, da suka isa Ilinoi ya ba kowane magidanci eka 160. Ya zama gwamnan Ilinoi a 1822, ya tsaya har aka kayar da masu son halatta bauta a jihar. Shi ba ya cikin masu mulkin da ke kwance a Albamal, kabarinsa yana Filadalfiya.

Jefasan ya mutu ana binsa sama da dala 107,000. A watan Janairu na 1827, wata shida bayan jana'izarsa, aka buga sanarwar gwanjo a Monticelo: kayan ɗaki, dabbobi, kayan noma, da mutum 130. Maƙerinsa Jo Foset yana cikin biyar ɗin da wasiyya ta ƴanta, ya tsaya yana kallo aka sayar da matarsa da ƴaƴansa ga masu saye dabam dabam. Ya yi shekaru yana ƙira yana tara kuɗi yana fansar waɗanda ya iya. Ɗansa Bitrus, wanda aka sayar yana da shekara 11, bai fita daga bauta ba sai 1850. Ya zama limamin Kirista a Ohayo, ya komo ya ga tudun a 1900 yana tsoho tukuf. Wamli mai haƙa kabari an bar shi ya tafi ba takarda, matarsa da ƴaƴansa kuwa aka sa su a gwanjo. Gidan kansa aka sayar a 1831, sa'an nan a 1834 ya shiga hannun wani hafsan jiragen ruwa Bayahude, Uriya Lebi, wanda ya ce yana girmama Jefasan saboda dokar addinin nan. Kabarin uwarsa Rahila yana kan tudun, a gefen hanyar da ɗakunan bayi suke. Maƙabarta kaɗai zuriyar Jefasan suka keɓe ba su sayar ba, tana hannunsu har yau, mamatan cikinta sun haura 200, ƙofarta a kulle take.

Akwai kuma Sali Hemings. Tana cikin bayin da suka zo da gadon matarsa, kuma uba ɗaya suke da matar. An kai ta Faris a 1787 tana da shekara 14 don ta raka ƙaramar ƴarsa. Bayan sun komo ta haifi ƴaƴa, huɗu suka rayu, dukansu kuma suka fita daga bauta, biyu aka bar su suka tafi a 1822, biyu ta wasiyya, abin da bai faru ga ƴaƴan wata baiwa a gidan ba. Ɗanta Madisan ya faɗa wa wata jarida a Ohayo a 1873 cewa Jefasan ne ubansu. Masana tarihi suka yi shekara fiye da ɗari suna ƙaryata shi, har gwajin ƙwayar halitta na 1998 ya nuna jinin gidan Jefasan a zuriyar autanta. Hukumar da ke kula da gidan ta bi lissafin kwanakin da yake gida da kwanakin haihuwa, ta ƙarasa ga cewa shi ne uban. Duk da haka ƙungiyar zuriyar da ke riƙe da maƙabarta ta jefa ƙuri'a a 2002 ta ƙi karɓar zuriyar Sali. Ita kanta ta mutu a Shalatsbil a 1835, ba a kafa wa kabarinta alama ba.

Da muka gama da maƙabartar gwamnoni, yaron nan ya ce akwai saura wuri ɗaya. Muka gangaro ƙasan tudu har kusa da inda ake ajiye motocin baƙi. A nan akwai wani ɗan kurmi da masu shimfiɗa wurin motoci suka kewaye suka bari. A 2001 masu binciken kufai suka tabbatar maƙabartar bayi ce, suka ƙiyasta kaburbura sama da 40, na manya da na yara, jere da juna. Ba su taɓa ƙasusuwan ba, sun kankare ƙasar sama ne kawai har siffar ramukan ta bayyana, sa'an nan suka mayar. An kewaye wurin, an gyara shi a 2022 da shawarar zuriyarsu, an sa wurin zama. Waɗansu kaburburan akwai dutse a wajen kai da wajen ƙafa, irin dutsen da ake tsinta a gona, ba a sassaƙa shi ba. Na duƙa na duba waɗanda idona ya kai gare su, babu rubutu a jikin ko ɗaya.